Reshen Magarya daga Gonar Lategan

Gonar Lategan,
22 ga Afrilu.

Zuwa ga 'yata Nokwazi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike haya a Johannesburg. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita kuwa ta daina jin magana. Na ba Dlomo direba takardar nan hannu da hannu. Kada ki ce me ya hana ni bugo waya. Kin san a kwarin nan waya ba ta kamawa sai mutum ya jingina da bangon babban gida, ni kuma maganar da ke bakina ba ta jikin bangonsu ba ce.

Wynand, ɗan gidan, zai mayar da gangaren gona gandun namun daji, domin Turawan ƙetare masu zuwa farauta. Ƙarshen watan Mayu za a ja shingen lantarki. Kusurwar nan ta wajen famfon iska, inda mahaifinki Bhekumuzi ya faɗi, za ta shiga ciki tare da ɓauna. Shekara ashirin da biyu ke nan gawarsa na kwance a Osizweni, kurwarsa kuwa na nan inda harsashi ya same shi, ba wanda ya je ya ɗauko ta, don tsohon Lategan ya rantse muddin yana da rai namijin gidan Kubheka ba zai taka masa ƙasa ba. To, bara shi ma ƙasar ta rufe shi.

Shekaranjiya ina yanke wa matarsa, Tsohuwa, farcen ƙafa na yi ta maza na roƙe ta. Ta dubi tsakar kaina ta ce, "Gcinile, mutum ɗaya. A ƙasa, ban da mota. Ranar Lahadi, muna coci. Kuma kada in ji zancen a bakin kowa, balle Wynand." Na ce na gode. Ita ta manta da ƙafar tana hannuna, ni ban manta ba, amma na gama yankan lafiya.

Baffanki Mzwakhe ne zai je, ranar sha takwas ga Mayu. Shekararki bakwai aka tafi da ke birni, bari in tuna miki yadda ake yi. Zai yanki reshen magaryar kura, ya ja shi a ƙasa daidai inda ƙanensa ya faɗi, ya kira sunansa ya ce ya taso a tafi gida. Daga nan ba zai ƙara yi wa mai rai magana ba, ba zai waiwaya ba, sai dai ya riƙa gaya wa reshen hanya: ga ƙofa, ga rafi, ga mota. Haka har a yanka akuya a Osizweni washegari. In ya amsa wa wani ko ya juya, kurwar ta kuɓuce, kuma bayan shinge ba sauran komawa. Daga famfo zuwa kwalta tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafar tsoho, ƙofa biyu a tsakani. Dlomo zai jira shi a bakin kwalta da kujera biyu a motarsa, ɗaya tasa, ɗaya ta mahaifinki.

Na gaya miki ne don ubanki ne, ba don shafinki na intanet ba. Na san halinki, abu ba ya kwana a cikinki. Wannan karon ki daure.

Ki gaida kanki. Ki riƙa cin abinci.

Goggonki,
Gcinile Kubheka


Johannesburg,
29 ga Afrilu.

Goggo,

Ina gaisuwa, ya gwiwa? Ga man zafi nan a cikin ambulan, kada ki ba wa Tsohuwa kamar wancan.

Gara ki ji daga bakina: na rubuta. Tsaya, kada ki yaga takardar. Ban faɗi rana ba, ban faɗi sunan gona ba, ban ambaci sunanki ba. Na dai ce akwai wani mutum da wani ɗan shekara sha tara ya harbe a bakin shinge, ya gaya wa kotu ya zaci gogon biri ne, kotu ta yarda, yaron ya koma gida ya ci abincin rana. Na ce yau iyalan mutumin suna durƙuso suna roƙon izinin tafiyar awa ɗaya da rabi. Na sa hoton nan na Baba da yake tsaye a jikin famfon iska da hularsa a hannu, don shi kaɗai gare ni.

Goggo, shekara shida ina rubutu a shafina Bakin Shinge kan iyayen wasu. Na rubuta kan matar da aka kora daga gona da katifarta a ka, na rubuta kan kaburburan da aka bi ta kansu da tarakta. Kowa na gaya masa shiru shi ke kashe mu. Da wane ido zan dubi mutanen nan in na yi shiru a kan nawa uban?

Ki ga abin da ya biyo baya. Kwana biyu marubutan shafuka ba su da zance sai wannan. Palesa, wata lauya mai rubutu daga Bloemfontein, ta ce doka ta ba mu damar shiga, ba ma buƙatar alfarmar kowa. Wani ya ce ina cinikin jinin ubana ne don in tara mabiya; wannan na adana masa amsarsa. Wata Baturiya ta rubuto ta yi kuka, tana tambaya ko akwai inda za ta aiko da furanni. Shi kuwa Lwandle Mngadi, wanda shafinsa ya ninka nawa mabiya sau biyar, bakinsa kuma ya ninka sau goma, ya bugo mini waya.

Ya ce, "'Yar'uwa, mutum ɗaya? A ƙasa? Kamar ɓarawon kaza? Mu ɗari biyar za mu raka tsohon nan, da waƙa!"

Na ce, "Kai Lwandle, kurwa ake ɗaukowa, ba kofin ƙwallo ba."

Ya yi dariya ya ce in ba shi sunan gonar. Na hana shi, ki kwantar da hankalinki.

Amma bari in faɗi abin da ke raina, ko zai ɓata miki. Kin ce kin gode wa Tsohuwa. Kin goya Wynand a bayanki, ya girma ya kashe ƙanenki, kika koma washegari kika dafa masa ƙwai, har yau kina dafawa. Na san za ki ce kabarin Kaka yana nan, ɗakinki yana nan, ba ki da wani wurin. Na sani. Amma duk lokacin da na tuna, sai abinci ya fita raina.

Ina ƙaunarki duk da haka, kin kuma sani.

Taki,
Nokwazi


Gonar Lategan,
5 ga Mayu.

Zuwa ga Nokwazi,

Bayan gaisuwa. Man zafi ya iso, na gode.

Ba ki faɗi sunan gona ba, haka ne. Kin dai sa hoton famfon da babu irinsa a gundumar nan, mai karyayyen fiffike ɗaya da aka ɗaure da jar waya tun kafin a haife ki. Ke kin ga ubanki a hoton. Su famfon suka gani.

A kicin ɗin da nake dafa ƙwan da kike goranta mini akwai oba-oba a kan firji, ta 'yan sintirin gonaki. Dare da rana tana magana da yarensu. Shekara arba'in ina jin yaren nan, su kuwa har gobe sun ɗauka iyakar sanina "kawo" da "kwashe". Ranar Alhamis ina feraye dankali na ji an kira sunanki a ciki, Kubheka, da lafazinsu mai kama da tari. Wani ya ce 'yan birni na shirin mamaye gonar Lategan da sunan al'ada. Wani ya ce haka aka fara a wata gona, da addu'a, aka ƙare da bukkoki. Suka ce daga yanzu duk baƙin mutumin da aka gani a hanyar gona a tsayar da shi, ya faɗi sunansa da inda za shi. Wanda ya ƙi amsawa, su san abin da za su yi da shi.

Ki sake karanta layin nan na ƙarshe, sannan ki tuna abin da Baffanki zai riƙe a hannu.

Tun ranar motocinsu a-kori-kura ke kai da kawowa, bibbiyu, a hankali. Jiya sun tsare mai kawo mana gas, mutumin da suka sani shekara tara, suka sa shi ya kwanta a ƙasa.

Tsohuwa ta kira ni ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Na ce kada in ji a bakin kowa." Na ce yarinta ce. Ta ce, "Ni ban janye ba, don na yi alkawari a gaban Allah. Amma ban san komai ba, kin ji? In wani abu ya faru, ban san komai ba."

Wynand ne ya fi damuna. Na kai masa kofi na tarar da hoton ubanki a buɗe a wayarsa, ya ƙara girmansa har fuskar ta cika gilashin. Bai ɓoye ba. Ya ce, "Gcinile, hular nan tana ina?" Na ce an binne shi da ita. Ya ce, "A'a. Ba a binne shi da ita ba." Ya ɗauki kofinsa ya fita. Shekara ashirin da biyu muna cewa hular ɓata ta yi a ciyawa.

Game da ƙwai. Ba don ɗaki na zauna ba. Na zauna ne don kowace Lahadi in sun tafi coci nakan gangara wajen famfo in gaya wa ƙanena cewa ba a manta da shi ba, ya ƙara haƙuri. Da na tafi, wa zai gaya masa? Ban taɓa faɗa miki ba don ban so ki rubuta.

Ki sauke rubutun nan. Ki je wurin Baffanki ki roƙe shi.

Goggonki,
Gcinile


Johannesburg,
11 ga Mayu.

Goggona,

Ina gaisuwa da kunya. Na karanta takardarki a tsaye a tashar mota, na zauna a kan buhun wani ban sani ba har ya ce in ɗaga masa kabejinsa. Ki yafe mini maganar ƙwai. Ba ni da bakin da zan kare kaina.

Na sauke rubutun a ranar, sai abin ya ƙara lalacewa. Ashe mutum ɗaruruwa sun riga sun adana shi. Da suka ga ya ɓace sai suka ce an yi mini barazana. Kafin yamma sunana ya cika ko'ina, "Ina Nokwazi?", har wata ta rubuta cewa an sace ni, alhali ina ɗaki ina cin biredi. Na fito na ce lafiyata ƙalau, suka ce tilasta ni aka yi in faɗi haka. Wani mabiyin Lwandle da ya taɓa aikin gyaran famfo a yankinku ya gane wurin. Yanzu sunan gonar na shafin Lwandle da manyan baƙaƙe, ya kuma yi hayar bas huɗu. Ranar ce kawai bai sani ba, amma ya ce duk Lahadin duniya zai zo har sai ya dace.

Na same shi na ce, "Za ka sa a kashe mini tsoho."

Ya ce, "Idon jama'a ne kariyarsa, 'yar'uwa. Ba wanda ke harbi a gaban kyamara ɗari."

Na ce, "Kai ka taɓa ganin kyamara ta tare harsashi?"

Ya ce tsoro ya kama ni. Gaskiya ya faɗa. Abin haushin, maganar da ya yi mini tawa ce, kalma da kalma. Ni na rubuta ta shekara uku da suka wuce.

Jiya na je Osizweni. Na tarar da Baffa yana goge takalmansa na coci, ya riga ya sayi akuya, tana ɗaure tana cin tsumman wanki. Na durƙusa na ce a ɗaga, ko a bari Palesa ta samo takardar kotu. Ya ce kotun da ta ce ƙanensa biri ne? Na ce to ya yarda in an tsayar da shi ya faɗi sunansa kawai, kalma biyu. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Ke 'yar Bhekumuzi, in na buɗe baki na bar ubanki a titi kamar kayan da suka faɗo daga mota. Ku kuna da bakin faɗa wa duniya komai. Ni shiru ɗaya aka ba ni in yi, na awa ɗaya da rabi, shi ma sai kun taya ni?"

Ga abin da na yanke. Tunda ba zan iya hana bas huɗun nan zuwa ba, zan karkatar da su. Gobe zan rubuta cewa ranar sha takwas za mu taru a ƙofar kotun garinku da ƙarfe tara, daga nan mu yi maci zuwa gonar. Ba macin da za a yi. Zan riƙe su da jawabi da waƙa har rana ta take. 'Yan sintiri za su kwaso motocinsu su tare hanyar gari, gangaren famfo ya zama ba kowa. Ban taɓa yi wa masu karatuna ƙarya ba, kuma in suka gane, Bakin Shinge ya mutu. Ya mutu ɗin.

Ki gaya mini in oba-oba ta haɗiye.

'Yarki mai laifi,
Nokwazi


Gonar Lategan,
Asabar, 17 ga Mayu.

'Yata,

Bayan gaisuwa. Dlomo zai miƙa miki wannan gobe da safe a ƙofar kotu, bayan ya sauke Baffanki a bakin kwalta.

Ta haɗiye. Kwana uku ba su da zance sai gadar shiga gari: wa zai tsaya a ina, wa zai kawo karnuka. Mota goma sha ɗaya na ƙirga a bakinsu. Dabararki ta yi, kuma na san abin da ta ci miki.

Saura mutum ɗaya. Da aka kira Wynand a oba-oba aka ba shi wurin tsayawa, ya ce a ba wani, shi yana da aiki a gida. Uwarsa ta ce to ya kai ta coci, ya ce ta bi maƙwabta. Yau da hantsi ya shimfiɗa jarida a teburin kicin, inda nake murza fulawa, ya kwance bindigarsa yana shafa mata mai. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Su wawaye ne. Mai zuwa ɗaukar matacce ba ya zuwa da bas." Sannan ya ce, "Me ake gaya wa reshen, Gcinile? Ana gaya masa wanda ya yi?" Na ce hanya kawai ake gaya masa. Ya ce, "Shi ke nan?" Wani ƙaramin ƙarfe ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa, ni na ɗauko masa.

Ban san abin da ke ransa ba. Wataƙila tsoro ne, wataƙila so yake ya ga an tafi da abin da ya hana shi barci. Ina jin shi ma bai sani ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Tsohuwa ta ce mutum ɗaya, amma ni ba a ƙirga ni a gonar nan, kamar famfon nake. Gobe zan bi bayan Yaya da taku goma, da rigar aikina. In an yi tambaya ni zan amsa. In kuma wani na son ya kai ga bayan Yaya, sai ya fara bi ta bayan da ya goya shi.

Kada ki zo. In kin taso, bas huɗu za su biyo ki, mota sha ɗaya su biyo su. Ki tsaya inda kike ki yi ta surutu, yau dai an ba ki izini. In rana ta take ba ki ji komai ba, lafiya ce.

Na bar miki zanen Kaka a ƙasan katifa, na daɗe ina nufin ba ki.

Ki huta lafiya.

Goggonki,
Gcinile Kubheka


A cikin motar Dlomo,
Lahadi.

Nokwazi 'yar ƙanena,

Ina gaishe ki. Rubutu ba magana ba ce, haka na yanke, in na yi kuskure magabata su yafe. Ki yi haƙuri da hannun, mota na tafiya.

Ubanki na nan kusa da ni a kujerarsa. Ya taso da kira ɗaya. Mun wuce ƙofar farko lafiya, ina jin takun Goggonki a bayana. A rafi na ji mota ta biyo mu a hankali, ba ta wuce ba, ba ta tsaya ba. A ƙofa ta biyu aka kashe inji. Wynand ya kira sunana sau uku. Ya ce in tsaya yana da abin da zai ba ni. Na ce wa ubanki, ga ƙofa, sunkuya.

Na ji Gcinile ta ce, "Wynand, miƙo mini hular nan, ni zan kai masa. Ajiye bindigar tukuna." Na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Na yi taku kamar ɗari.

Sai na ji harbi ɗaya.

Ban waiwaya ba. Ki gaya wa duniya haka in kin so: ƙanwata na bayana, ban waiwaya ba. Daga nan har kwalta ina kasa kunne, ba taku, ba mota.

Dlomo na ta tambayata me ya faru, ba ni da baki sai gobe. Na nuna masa hanyar kotu da hannu.

An ce miki ki yi shiru a kan tafiyata, yau kin yi. Yanzu ki bari. Kina da mutum bas huɗu da lauya da kyamarori. Ki kwashe su duka, ƙofa ta biyu, bayan rafi. Ni zan kai ubanki gida.

Ki yi sauri.

Baffanki,
Mzwakhe Kubheka